Sawun kadangare da saƙar mutum uku a rawar ƙauye ta Sikotilan

Rukayya: Assalamu alaikum. Tambaya gare ni a kan rawar nan ta mutanen Sikotilan da ake jeruwa sahu biyu, maza gefe mata gefe. A cikinta akwai inda mutum uku ke saƙa juna, wannan ya shiga wancan ya fita, ba mai taɓa wani. In aka zana hanyar da suka bi, sak sawun da kadangare ke bari a kan rairayi. Har ana cewa wai daga tafiyar kadangare aka ɗauko ta. Gaskiya ne? Kuma yaya ake yin ta ba a yi karo ba?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kamar da kika gani tana nan, amma asalin da aka ba ki ba shi da tushe. Sunan wannan saƙa ril, kuma masu rawar da lamba 8 suke kwatanta ta. Tsohuwar saƙa ce da Ingilishi ma suke da ita a rawarsu da sunan hei, tana cikin littafin raye-rayen da John Playford ya buga a Landan a 1651. Yadda ake koyar da ita yau kuwa ya biyo ta hannun RSCDS, ƙungiyar masu rawar ƙauye ta Sikotilan, wadda Jean Milligan da Ysobel Stewart suka kafa a Gilasgo a 1923. Hedikwatarta tana Edinbara.

Ga yadda take. Mutum uku a layi ɗaya: na kai, na tsakiya, na wutsiya. Kai shi ne ɓangaren da makaɗa suke. Na tsakiya ya fuskanci na kai, na wutsiya yana kallon bayan na tsakiya. In an ce ril na kafaɗar dama, na tsakiya da na kai za su wuce juna dama da dama, wato kowa ya ɗan karkata hagunsa. A daidai lokacin, na wutsiya ba ya tsayawa jira. Zai fara lanƙwasawa zuwa damansa, don ya buɗe wa na kai hanya, su wuce juna hagu da hagu. Daga nan kowa ya ci gaba da bin lamba 8 ɗin nan har ya dawo inda ya tashi.

Abin riƙewa guda ne: duk haɗuwar da aka yi a zoben sama na lamba 8 ɗin, wato na ɓangaren kai, da kafaɗar dama ce, duk wadda aka yi a zoben ƙasa da hagu ce. Haɗuwa shida ce gaba ɗaya, kowane mutum ya samu huɗu.

Rukayya: Malam, to tsakiyar fa? Ai nan hanyoyin suka gicciye. Wa zai fara wucewa?

Malam Habu: Na kai ne farko, sai na wutsiya, sai na tsakiya, sannan a sake jerin haka nan a dawowa. Ba sai kin haddace ba. In kin doso tsakiya, ki nufi tazarar da ke tsakanin sauran biyun, ki ratsa ta a karkace. Akwai ma'auni mai sauƙi kuma: ana yin ril cikin gaɓa 8 na kiɗa (gaɓa ita ce ɗan yankin kiɗa mai adadin bugu daidai, da ita ake ƙirga rawar), to a ƙarshen gaɓa ta 4 dole na kai da na wutsiya sun yi musayar wuri, na tsakiya kuma ya dawo tsakiya. In gaɓa ta 4 ta cika ba haka ake ba, wani ya yi sauri ko ya yi nawa.

Karo kuwa, galibi daga na wutsiya yake fitowa. Ko dai ya tsaya yana kallo har gaɓa biyu su wuce, ko ya fara da hagu maimakon dama, sai ya yi gaba da gaba da na kai.

Dokta Ilyasu: Bari in shigo ta ɓangaren dabbar, don a san abin da ake kwatantawa. Ƙafafun kadangare a gefen jiki suke, ba a ƙarƙashinsa ba. In yana tafiya, ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu suke tashi kusan tare, sannan ɗaya biyun. Kowane taku sai gadon bayansa ya lanƙwashe gefe guda, taku na gaba ya lanƙwashe ɗaya gefen. Lanƙwasar nan ce ke ƙara masa tsawon taku. Layin da Rukayya ta gani a rairayi jelar ce ta ja shi, tana bin kaɗawar ƙugu, ɗige-ɗigen yatsu kuma suna gefe da gefe.

Wannan tafiya tana da tsada. Tsokokin da ke lanƙwasa jikin su ne kuma ke motsa haƙarƙari wajen numfashi, saboda haka gudu da numfashi suna rigima a jikinsa. Masanin halittu David Carrier ya yi bayanin wannan a 1987. Shi ya sa za ku ga kadangare ya zura da gudu, ya tsaya cak, ya sake zurawa. Dangin damo da guza sun samu sauƙi, don suna tura iska cikin huhu da maƙogwaro.

Su kuma 'yan Sikotilan suna da nasu kadangaru, sai dai ba irin jan gwadan da ke gyaɗa kai a katanga ba. Na farko ƙarami ne, santimita 10 zuwa 15 har jela, launin ƙasa-ƙasa, yana zama a ciyayin tuddai da bakin dazuzzuka. Ba ya saka ƙwai a ƙasa, haihuwa yake yi a tsakiyar bazararsu, wajen Yuli zuwa Agusta, kuma wannan ne ya ba shi damar rayuwa a ƙasa mai sanyi haka. Daga wajen Oktoba zuwa Maris yana kwance a ɓoye. Na biyu ba shi da ƙafa ko ɗaya, mutane na ɗaukarsa maciji, alhali kadangare ne: yana ƙifta ido, yana kuma yar da jela in an kama shi. Akwai na uku, na rairayi, da aka kai tsibirin Kol aka saka a shekarun 1970. Dokar kare namun daji ta 1981 ta hana kashe su.

Sadiya: Dokta, akwai wani wuri a Birtaniya da sunansa ke nufin kadangare da Turanci. Ko can ne aka haɗa zancen?

Dokta Ilyasu: Wancan, wato Lizard, a Konwol yake, can ƙarshen kudancin Ingila, ba ruwansa da Sikotilan. Sunan ma daga harshen mutanen Konwol ya fito, ma'anarsa fada mai tudu. Kama ce ta lafazi kawai.

Malama Jummai: Na gode wa Dokta, don bayaninsa ya ba ni hujjar abin da nake son faɗa. Ni ban yarda a koyar da ril da misalin kadangare ba ko kaɗan. Kadangare jikinsa ne ke lanƙwasa. Mai rawa hanyarsa ce ke lanƙwasa, jikinsa a miƙe yake kamar an rataye shi da zare daga tsakiyar ka. Da zarar aka ce wa sabon shiga ya yi kamar kadangare, sai ya fara karkaɗa ƙugu, yana tura kafaɗa gaba, yana duƙar da kai wajen shiga kwana. Nauyinsa ya bar kan yatsu, taku ya lalace. Abin da ake so shi ne dukkan jiki ya juya tare, ƙirji yana kallon inda za a, hannuwa a sake a gefe, ido kuma a kan wanda za ka wuce. Kallon ido ɗin nan ba ado ba ne, da shi ake sanin wa ke tafe da kuma saurinsa.

Malam Habu: Malama, a kan jiki kin yi gaskiya, ban ja ba. Amma a kan hanya misalin yana aiki. Babban ciwon sababbi shi ne yin ril siriri: su bi layi a miƙe, su goga kafaɗa, su juya a kan dunduniya a ƙarshe, su gama a gaɓa ta 6 su tsaya suna jiran kiɗa. In aka nuna musu sawun jela a rairayi, wanda babu kusurwa a cikinsa ko ɗaya, nan da nan suke gane cewa zoben nan biyu masu ciki ne. Ni sawun nake nufi, ba dabbar ba.

Malama Jummai: To a ce sawu, kar a ce tafiya. Kuma ko sawun ma yana da iyaka, Malam. Sawun jela gaba yake yi ba ya dawowa, ril kuwa yana rufewa a kansa. Abin da ya fi aiki shi ne kujeru biyu. A ajiye su a layi, tazarar kamar mita ɗaya da rabi a tsakani, mutum ɗaya ya zagaye su a lamba 8 da tafiya zalla, yana ƙirga takwas. In ya zauna masa a ƙara na biyu, sannan na uku, sannan a janye kujerun. Sai an iya da tafiya ake sa takun rawa.

Rukayya: Takun fa, Malama? Na ga kamar tsalle suke yi amma ba su tashi sama sosai.

Malama Jummai: Wanda kika gani sunansa sikif-cenji, shi ne takun tafiya a kiɗa mai sauri. Motsi huɗu ne a gaɓa ɗaya. Ɗan tsalle a kan ƙafar hagu, ta dama a miƙe gaba, yatsu na kallon ƙasa. Sai a taka da dama. Sai a jawo hagu ta rufe a baya, tsakiyar tafinta ya manne da dunduniyar dama, yatsun duka biyun na kallon waje. Wannan rufewar ita ake kira tsayuwa ta uku. Sai a sake takawa da dama. Gaɓa ta gaba a fara da tsalle a kan dama, hagu ta yi gaba. Duk a kan gindin yatsu ake yi, dunduniya ba ta sauka.

Kurakuran sanannu ne. Wani ba ya rufewa, ƙafar baya ta wuce ta gaba, abin ya koma gudu. Wani yana ɗaga gwiwa maimakon miƙe ƙafa. Wani kuma ƙarfinsa duk a tsallen yake, yana tashi sama amma ba ya cin ƙasa, sai ya makara a ril. Tsallen ɗan kaɗan ne, aikinsa ya ba ƙafar gaba lokacin miƙewa.

Na tsayawa wuri ɗaya shi ne fa-da-bas, bugu uku ne: a dira a kan dama, a kawo hagu gaba a tsayuwa ta uku a ɗora mata nauyi, a mayar da nauyin kan dama ana miƙe hagu. Mafi yawan masu koyo bugu biyu suke yi, don ba sa yarda su ɗora nauyi a na tsakiyar. Maganinsa a yi shi a hankali ana faɗin dama, hagu, dama da baki har kunne ya ji ukun.

Baba Tanimu: Yara, ku bar ni in sa baki a kan kiɗa, don rabin matsalar ril a kunne take. Kiɗan iri uku ne. Ril da jig masu sauri ne, wajen bugu 112 a minti, bugu biyu a gaɓa. Bambancinsu, ril a rabe yake biyu-biyu daidai wa daida, jig kuwa uku-uku, yana da ɗan rangaji. Na uku shi ne sitiraspe, wanda ya ci sunan kwarin kogin Spey. Shi a hankali ake yinsa, bugu huɗu a gaɓa, da wata fizga ta gajeren sauti kafin dogo.

Ku lura, kalmar ril tana nufin irin kiɗa, tana kuma nufin saƙar nan. Ana yin saƙar ril a jig, ana yin ta a sitiraspe.

Kiɗan a jere yake gaɓa takwas-takwas, kuma yawancin raye-rayen gaɓa 32 ne, a maimaita sau 8. Gaɓa 256 ke nan: ril ko jig ya ɗauki minti huɗu da rabi da 'yan kai, sitiraspe ya haura takwas. Dalilin sau 8 ɗin, sahu na ɗaukar maza huɗu mata huɗu, amma shida ne ke rawa a lokaci guda. 'Yan lamba ɗaya su yi daga kai, su sauko wuri na biyu, su sake yi, sannan su gangara wutsiya, na bayansu su karɓa. Kayan kiɗan kuma goge ne irin na Turawa da akodiyon da fiyano da ganga. Algaitar salkar nan da aka san su da ita ba ita aka fi yin wannan rawar da ita ba.

Sadiya: Baba, to in ril gaɓa 8 ne, me ya sa wasu ke cewa 6?

Baba Tanimu: Duka biyun akwai, 'yata. Akwai tsohuwar rawa mai suna Duke of Perth. A gaɓa takwas ɗinta na ƙarshe, namiji na ɗaya yana gefen mata, mace ta ɗaya tana gefen maza, kowa ya yi ril da mutum biyun gefen, a fara da kafaɗar hagu. Su biyun suna gama nasu a gaɓa 6, su tsallaka zuwa gefensu a biyun da suka rage. Tunda haɗuwa shida ce, a nan kowace gaɓa haɗuwa ɗaya ke nan, sai a matse zoben a tsawaita taku. A na 8 kuwa sai a buɗe zoben. Wanda bai san wanne ake yi ba shi ne za ka gani yana gudu a gaɓa ta 7.

Malam Habu: Tunda da dabba aka fara, ga inda dabba ta shiga rawar nan da gaske, har ta ba wata saƙa suna. Akwai jig mai suna Pelorus Jack da Barry Skelton na Niyu Zilan ya tsara, RSCDS ta buga shi a littafinta na 41. Sunan wani dolfin ne, dabbar teku mai kama da babban kifi, da ya riƙa raka jiragen ruwa a mashigin Cook na Niyu Zilan daga 1888 zuwa 1912, har gwamnati ta yi dokar kare shi a 1904. A rawar, namiji da mace na ɗaya suna bin juna gaba da baya kamar mutum guda, su yi rabin ril da mutum biyun da ke kusurwoyi masu kallon juna. Rabi huɗu ne, kowanne gaɓa 4, jimla 16. Daɗin abin a kwana yake: in sun kai kusurwa, na gaba ya buɗe ya yi babban zobe, na baya ya yanke ta ciki ya zama shi ne gaba. Haka suke musayar jagora a kowace kusurwa, kamar dolfin biyu a gaban jirgi. Masu rawa har ril ɗin dolfin suke kiransa.

Inda yake lalacewa: na baya ya bar tazara mai yawa, sai wani daga kusurwa ya ratsa tsakaninsu. Ko na gaba ya matse kwana, na baya ya rasa ta inda zai yanke. Tazarar kada ta wuce tsawon hannu.

Akwai kuma The Piper and the Penguin ta Roy Goldring, don tunawa da Gilbert Kerr, mai busar da aka ɗauki hotonsa yana yi wa tsuntsun fengwin busa a tafiyar jirgin Scotia zuwa Antatika, 1902 zuwa 1904. John Drewry ma ya tsara The Bees of Maggieknockater, da sunan wani ƙauye da a da aka sani da kiwon zuma.

Malama Jummai: Kun ga a ril ɗin dolfin ne kaɗai zan yarda da maganar kai da jela, don a nan da gaske wani ke bin sawun wani. Amma ko nan jelar tana zama kai bayan gaɓa huɗu.

Sadiya: Malama, ga wanda ba ya son cuɗanyar maza da mata fa? Ana iya yinta jinsi ɗaya?

Malama Jummai: Ƙwarai. Namiji da mace a nan sunan gefe ne na sahu: gefen maza shi ne wanda kafaɗarsu ta hagu ke wajen makaɗa. Azuzuwa da yawa mata sun fi yawa, su suke cike gefen biyu, a sa wa na gefen maza ɗamara ko ƙyalle don a gane su. Ɗaya daga cikin sanannun raye-rayen ma, Reel of the 51st Division, sojojin Sikotilan da Jamusawa suka kama a 1940 ne suka tsara ta a sansanin fursunoni na Laufen, maza zalla. Ril kansa kuwa ba a riƙe hannu a cikinsa sam.

Dokta Ilyasu: Ina so a yi maganar ƙafa, don rawa ce da dunduniya ke sama minti huɗu zuwa takwas a jere. Nauyin duk a kan sharaɓa da agara yake. A daɓen siminti ko tayil babu abin da ke shanye dirar, sai gwiwa da agara. Daɓen katako mai ɗan lotsawa ake so. A ɗumama jiki kamar minti goma kafin a fara, da tafiya da juya idon sawu da ɗagawa a kan yatsu, miƙar da sharaɓa kuma a bar ta sai an gama. Ciwon agara da aka tashi da shi da safe alama ce ta a huta.

Malama Jummai: Takalmin kuma na fata ne mai laushi, marar dunduniya, mai igiya da ake saƙawa a bayan ƙafa, suna ce masa gili. A saye shi ya kama ƙafa sosai, don fatar tana buɗewa. Takalmin ƙwallo ko na gudu bai dace ba: robar tana kama daɓe, ƙafa ta tsaya gwiwa ta juya. In daɓen ya cika santsi, a goge tafin takalmin da buroshi ko a taka ɗanyen tsumma.

Rukayya: Na gane yanzu. Saura ɗaya: in gefen maza da na mata suna ril a lokaci guda, dole su yi daidai da juna?

Malam Habu: Dole, kuma a nan ake gane sahun da ya iya. Iri biyu ne. Ko duka gefen su fara da kafaɗa ɗaya, su tafi a jere kamar layin dogo, ko gefe ɗaya ya fara da dama ɗayan da hagu, su zama kamar mutum da madubi, a shigo tare a fita tare. Tsakanin sahun biyu kusan mita biyu ne, saboda haka kina iya ganin takwararki da wutsiyar ido ba tare da kin juya kai ba. In kin ga kin riga ta, kada ki tsaya, ki rage tsawon taku ki buɗe zobenki. In ita ta riga ki, ki tsawaita takun gaban nan biyu, tsallen da rufewar su zauna yadda suke. Ku duba juna a gaɓa ta 4 da ta 8.